Mai Tuɓe wa Turanci Babbar Riga

Ba neman ilimi ne ya kai ni Gudu ba, rakiya na yi. Ɗan maƙwabciyarmu yaron shago ne a wajen wani mai sayar da kayan gyaran mota. Aka zo lissafin ƙarshen wata kuɗi suka ƙi cika, maigidan ya ce yaron ne, magana ta tashi daga shago ta je caji ofis, daga can ta zarce kotu. Uwar ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, ɗan nata kuma na ciniki kaɗai yake ji. Ta aiko a kira ni, tunda ni ne ɗan bokon layinmu. Na amsa ina wani ɗaga kafaɗa.

Mutane sun fi sanin Gudu ta Abuja da kasuwarta da makabartarta, sai kuma gidajen 'yan majalisa na Apo da ke cikin gundumar. Amma unguwar kotuna ce ma. Akwai zaurukan Babbar Kotun Birnin Tarayya a nan, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ga ƙananan kotuna. Da hantsi za ka ga lauyoyi cikin baƙaƙen kwat, rana tana gasa su, suna tsallake titi kafaɗa da kafaɗa da masu tura baro. A ɗaya daga cikin waɗannan zauruka na fara ganin mutumin da nake son ba da labarinsa, wani tafintan kotu.

Dattijo ne gajere, da hula zanna, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Da magatakarda ya karanta tuhuma, na ji ya ce “criminal breach of trust”, nan take na fassara a zuciyata: sata. Dattijon ya matsa kusa da yaron, ya sassauta murya, ya ce: “Yaro, ana tuhumarka da cin amana. Ba a ce ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Cewa aka yi an danƙa maka dukiya bisa yarda, ka yi da ita abin da ba shi aka ce ka yi ba. Ka gane tuhumar?” Yaron ya ce ya gane, kuma bai aikata ba.

Kunya ta kama ni ni kaɗai a kan benci. Da ni aka tsayar a gurbinsa, da na ɗora wa yaron laifin da ba shi aka kawo shi a kai ba, domin a dokar Final Kot da ake aiki da ita a Abuja sata sashenta daban, cin amana sashensa daban. Ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai ranar: Bature karya amana yake yi, abin da “breach” take nufi ke nan, Bahaushe kuwa cinye ta yake yi. Dattijon bai tsaya laluben kalmar karyawa ba, kai tsaye ya tafi inda Hausa ta ajiye abin.

Sau uku muna komawa. Mai ƙara ya daina zuwa, shaidu ba su bayyana ba. A zama na ƙarshe mai shari'a ya yi magana, na tsinci kalmar “discharged” a ciki, tafinta ya juya ya ce: “Kotu ta sallame ka.” A waje uwar ta riske shi, ta durƙusa har ƙasa tana godiya, ta ce: “Malam, an wanke shi ke nan ko?” Ya ce: “Hajiya, tashi. Ki gode wa Allah, yau a gida zai kwana. Amma sallama daban, wankewa daban. Kada ku yar da takardunku.”

Wannan maganar ce ta sa na bi shi har teburin mai shayi da ke bakin katanga. Na gaishe shi, na ce: “Baba, ina ce duk ɗaya ne.” Ya yi murmushi, ya ciro wani ƙamus daga jakarsa, bangonsa ya tafi, an ɗaure shi da kyauro. Bai ko buɗe ba. Ya ce in dubi wayar da ke hannuna, me nake yi mata da dare? Na ce caji. Ya ce to, cajin waya da caji ofis da “charge” ta kotu duk kalma ɗaya ce, asalinta daga Latin ne, ma'anarta a loda wa amalanke kaya. Kana loda wa waya wuta, ɗan sanda yana loda wa mutum tuhuma. “Discharge” kuwa sauke kayan ne. Kayan da aka sauke suna nan a gefe, ana iya sake ɗora su. Amma “acquit” daga tsohon Faransanci ta zo, inda take nufin biyan bashi kakaf, kuma dangi ɗaya suke da “quiet”, wato kwanciyar hankali. Wanda aka yi wa ita ba a binsa komai. Shi ya sa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da wanda kotu ta wanke a kan laifi guda. Da ya gama, sai ya tsoma burodinsa a shayi kamar bai faɗi wani abu ba.

Sunan aikinsa ma aro ne. Tafinta daga “interpreter” ta fito, kamar yadda sammaci ya fito daga “summons”, fursuna daga “prisoner”, ga beli da lauya da joji da ita kanta kotu. Amma gwanintarsa ba haddar ƙamus ba ce. Mai hadda zai ce maka kalma kaza tana nufin kaza, shi ke nan. Shi kuwa sai ya tambayi kalmar 'yar gidan wa ce, ta wace hanya ta shigo, a wane zaure take zama, wa take yi wa fada. In ya samu amsa, sai ya nemo mata tsararta a Hausa, wadda nauyinsu ɗaya.

Dalilin da ya sa Turancin kotu ya yi nauyi haka tarihi ne. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Nomandi na Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu suka koma Faransanci, coci da makaranta suna Latin, talaka a gona ya ci gaba da Ingilishinsa. Aka shafe ƙarnuka a haka. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi saboda jama'a ba sa gane abin da ake faɗa a kansu, kuma abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Takardun kotu ba su koma Ingilishi gaba ɗaya ba sai bayan wata dokar ta 1730. Kafin lokacin kalmomin sun riga sun yi kaka-gida. Shi ya sa Turanci ya zama bene mai hawa uku. A ƙasa akwai “ask” ta cikin gida, a tsakiya “question” ta Faransa, a sama “interrogate” ta Latin. Duk tambaya ce, amma ta farko uwa ce take yi wa ɗanta, ta ƙarshe kuwa a ɗakin da babu taga ake yin ta, wato titsiye. Dabba tana da rai a hannun makiyayi talaka ana kiranta “cow” ko “sheep”, in ta iso akushin basarake sai ta koma “beef” da “mutton”, sunayen Faransa.

Da Baba yake zayyana mini wannan, na ce masa abin da wuya. Ya ce wuyar me, ai kai ma a irin benen kake kwana. Gaskiyarsa. Abin da Faransanci da Latin suka yi wa Turanci shi Larabci ya yi wa Hausa, sai dai namu ta hanyar addini da karatu da fatauci ya zo. Shari'a, alƙali, hukunci, shaida, adalci, wasiyya, duk daga can suke. Mu ma muna da hawa-hawa. Akuya mutuwa take yi, mutum rasuwa, a bakin masu ladabi ya riga mu gidan gaskiya, babban malami kuma a ce ya yi wafati. Ka ce wa mutum ubansa ya mutu, ba ka yi ƙarya ba, amma ka yi rashin tarbiyya. Akwai mai ciki, akwai mai juna biyu. Akwai matarka, akwai iyalinka, akwai mai ɗakinka. Duk Bahaushen da ya san inda ake ajiye kowace ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya mallaki rabin sana'ar Baba, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Ɗaya rabin shi ne sanin saiwa, kuma a zaure ya koyo shi, ba a boko ba. Ya ce malaminsu na sarfu ne ya fara nuna musu cewa hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga haruffa uku suka tsiro. Da ya shiga kwalejin horon malamai sai ya ga ashe Latin ma haka take yi a cikin Turanci. Ya ɗauki biro ya rubuta “dict” a bayan takardar burodi, ya ce wannan faɗa ce, wato furuci. Ya jera mata 'ya'ya: “verdict” faɗar gaskiya, shi ne hukuncin da aka yanke, “contradict” faɗar kishiya, “dictator” wanda faɗarsa ce doka, “dictionary” rumbun abin faɗa. Ya rubuta “jur”, ya ce wannan doka ce da rantsuwa: “perjury” rantsuwar da aka karkatar, abin da muke kira shaidar zur; “jurisdiction” kuma ga saiwa biyu sun haɗu, ikon faɗar doka, wato hurumi. Na daɗe ina jin lauyoyi suna cewa kotu ba ta da hurumi, ban taɓa jin daɗin kalmar ba sai ranar. Hurumi fili ne da aka keɓe, wanda ba kowa ke shiga ba. Wanda ya fara zaɓo ta ya san abin da yake yi.

In ka riƙe wannan dabara, manyan kalmomi sai su riƙa tuɓe riga da kansu. “Alibi” a Latin “a wani wuri” kawai take nufi: ba na nan aka yi. “Subpoena” ita ce “a ƙarƙashin horo”, ka zo ko ka ɗanɗana. “Affidavit” jimla ce guda, “ya rantse”. “Adjourn” daga Faransanci, “zuwa wata rana”, shi ya sa ɗage zama ta dace da ita, domin abin da aka ɗage ba a soke shi ba. “Mortgage” kuwa, wadda bankuna ke yi wa kwalliya a allunan talla a titunan Abuja, fassararta “matacciyar jingina”. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce “pecuniary”, da lauya zai furta yana kumbura wuya in ana maganar kuɗi. Daga “pecus” take, dabbobin kiwo. Haka “capital” da “chattel” da “cattle” uwa ɗaya ta haife su, daga kalmar kai. Bafulatanin da ke kiran garkensa dukiya bai san shi da Rumawa bakinsu ɗaya ba.

Akwai inda wannan sani yake zama batun rai da mutuwa. Final Kot, wadda aka zartar a Jihar Arewa a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Shi ya sa a kotunan Arewa da Abuja ba “murder” ake cewa ba kamar a Kudu, “culpable homicide” ake cewa. “Culpa” laifi ce, “homicide” kashe mutum. Kisan da akwai alhakin mai yin sa a ciki ke nan, kuma iri biyu ne: wanda hukuncinsa kisa ne da wanda ba kisa ba. Baba ya ce tafintan da ya tsaya a “kisan kai” ya haɗiye jelar tuhumar ya bar mutum bai san ko wuyansa ake nema ko shekarunsa ba.

Asali ɗaya ne daga cikin abin da yake dubawa. Na biyun shi ne ƙamshi ko warin da kalma take ɗauke da shi yau, kuma a nan ne hira ta yi daɗi, don gwamnati ma ta san wannan wasan. A 2015 dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta koma kiran wanda aka gurfanar “defendant” maimakon “accused”. Mutumin ɗaya ne, akwatin da yake tsayawa ɗaya ne, amma ta farko tana kallonsa a matsayin mai kare kansa, ta biyu tana nuna shi da yatsa. A 2019 hukumar gidajen yari ta sauya suna, “prison” ta ba “correctional” wuri, gidajen rediyo suka ce gidan gyaran hali. Fassarar ta yi kyau ƙwarai. Ko halin yana gyaruwa a ciki, wannan sai a tambayi waɗanda suka fito daga gidan yarin Kuje. “Bandit” daga Italiyanci take, asalinta wanda aka kora daga gari, kuma tana da wani sauƙi-sauƙi a kunnen Bature, kamar ɗan fashin cikin fim. Saboda nauyin suna ne aka yi ta ja-in-ja har wata kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamba na 2021.

Sai “palliative”, wadda ta cika kunnuwanmu lokacin korona a 2020, ta sake dawowa bayan cire tallafin mai a 2023. Da yawanmu tallafi muke ce mata. Baba ya girgiza kai. Ya ce “pallium” mayafi ne a Latin, kalmar tana nufin a lulluɓe ciwo, kuma likitoci suna amfani da ita ga maganin da ke sassauta zafi ba tare da ya warkar ba. Saboda haka 'yan jaridar da suka ce “kayan rage raɗaɗi” su suka harbi tsakiya. Gwamnati ba ta yi wa kowa ƙarya ba, in ji shi, a cikin sunan ta faɗa maka ba magani ba ne, kai ne ba ka ji ba.

Wasu daga cikin kalmomin da ke tsorata ɗalibanmu ma baƙi ne da suka zo daga Larabci. “Admiral” amir ce. “Tariff” ta'arif ce. “Cipher” da “zero” daga sifir suke, sifilinmu na lissafi. “Alcohol” daga alkuhul, kwallin ido. “Magazine” daga makhazin, rumbunan ajiya, kuma ita ce ta bi ta Faransanci ta koma mangaza a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne ya san iyakar sana'arsa. Ya gargaɗe ni cewa asali ba shi ne ma'ana ba. “Nice” da ake yabon mutum da ita yau, daga kalmar Latin mai nufin jahili ta fito, kuma ba wanda zai kai ka ƙara don ka ce masa “nice”. Ya kuma ce in guji asalin da aka ƙirƙira a teburin shayi don ya yi daɗin faɗa. Misalin da ya kawo namu ne: shekara da shekaru ana cewa boko daga “book” take, har a littattafai. Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da ake yi a biki. Kamannin sauti ba ya tabbatar da zumunci, sai an bi sawu a tsofaffin rubuce-rubuce. Irin wannan bin sawun ne ya sa babban ƙamus na Oxford ya ci daga 1884 zuwa 1928 kafin a gama fitar da shi. Kuma har yanzu yana karɓar baƙi: a Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, Kannywood tana ciki.

Baba ba shi ya fara ba, shi ma ya faɗa. Tun da aka kafa Hukumar Fassara a ƙarshen shekarun 1920, aka zo kan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, aka zo kan Sashen Hausa na BBC a 1957, akwai mutanen da aikinsu kullum shi ne auna kalmar Turanci su nemo mata abokiyar nauyi. Daga irin hannuwansu muka gaji Majalisar Ɗinkin Duniya, da jirgi mai saukar ungulu, da tauraron ɗan'adam. Dubi ta farkon. Ba su ce haɗaɗɗun ƙasashe ba, sun duba aikin da aka kafa ta domin shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka ga duniya ce ta yage ake son ɗinkewa.

Mu 'yan boko muna da wata cuta, ni ma ina ciki. Muna ɗaukar babbar kalma kamar babbar riga ta sallah, a sa a fita a burge mutane. Bahaushe ya daɗe da gano mu, shi ya sa “dogon Turanci” a bakinsa ba yabo ba ne, kwana-kwana ce. A ganina wanda ya iya Turanci shi ne wanda zai ɗauki “jurisdiction” ya miƙa wa tsohuwa ita a matsayin hurumi, ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma a tsaye ake yin sa, cikin daƙiƙa biyu, mai shari'a yana jira, lauyoyi biyu suna kasa kunne su kama ka da kuskure. Na tambaye shi ko ya taɓa kakarewa. Ya ce sau da yawa. In ya kakare sai ya ce: “Ranka ya daɗe, a sake mini da wasu kalmomi.” Ya ce gara a ga gazawarsa da ya yi cane-cane da 'yancin ɗan wani.

Na biya kuɗin shayin bayan mun yi 'yar jayayya a kai. Ya mayar da ƙamus jaka, ya ce ana jiransa a wani zaure ƙarfe goma sha biyu.

Mai karatu, in ƙaddara ta kai ɗan'uwanka gaban kotu bisa tuhumar laifi, kuma ba ya jin Turancin da ake yi, kada ka dogara da ɗan bokon layinku kamar yadda maƙwabciyarmu ta dogara da ni. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi haƙƙin a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ku buɗe baki ku nema tun a zaman farko.